Lamba Takwas

Ni ne mai wankin rigunansu.
Shekara goma sha huɗu ina matse gumin 'yan ƙwallo
a bayan filin Pantami,
gindin famfon da sai ya yi tari yake kawo ruwa.
Ban gama gane dokar satar gida ba har yau,
amma miƙo min riga, ko ido rufe,
in faɗa maka wanda ya yi gudu da wanda ya yi yawo.

Asabar da la'asar motar baƙi ta iso,
doguwa, mai labule a taga.
Gidado ne na huɗu a saukowa,
waya toshe a kunne, wuya ya ɗan yi kauri.
Yaron Herwagana.
Ni na rage masa wandonsa na farko da zaren buhu
don ƙugun bai isa riƙe shi ba.
Kaka shida yana sa mana lamba takwas.

Lahadi tun azahar ba masaka tsinke.
Mai rake ya sayar, mai gyaɗa ta koma ɗebo wata.
Da lasifika ta ambaci sunansa
sai filin ya ɗauka baki ɗaya:
Maci amana! Bawan kuɗi!
Har da Bakoji mai faci,
wanda bara waccan ya raɗa wa ɗansa sunan yaron.

Na yi shiru, goro a kumatu.
Na san wata bakwai da aka yi ba albashi,
kullum takarda na kan tebur, mai sa hannu ya yi tafiya.
Na san ranar da ya sayar da babur ɗinsa
saboda wankin ƙodar gyatumarsa.
Wannan ba ya hawa kalangu.

Ga Lamela can a ragarmu,
ɗan Billiri, shekara goma sha ɗaya bai canja launi ba.
Sau uku ana zawarcinsa, sau uku yana cewa nan ne gida.
Yanzu gwiwarsa ta hagu kan riga kowa sanin hadari,
bandejinta ma ni nake wankewa.
Shi ake wa kirarin ɗan halak.
Ran Alhamis na tsinci takarda a aljihun koci,
ta jiƙe, amma sunayen ba su goge ba:
waɗanda za a sallama ƙarshen kaka.
Nasa ne na biyu.
Bai sani ba.

Minti saba'in da takwas,
Gidado ya tare da ƙirji, ya juya,
ya aika ta ƙasa-ƙasa, ɓangaren hagu.
Ya san gwiwar. Wa ya fi shi?
Ɗaki ɗaya suke kwana a duk garin da aka je.
Raga ta girgiza, fili ya yi tsit.
Bai yi tsalle ba, bai ɗaga hannun ban haƙuri ba,
ya sunkuya yana gyara safar da ba ta zame ba.

Ɗaya da nema aka tashi.

Bayan magariba ina tsugune gaban baho,
kumfa har gwiwar hannu,
sai ga inuwa a kaina.
Ya tuɓe rigar baƙi, lamba ashirin da uku,
ya wurga cikin ruwana kamar kullum.
Sai da ya yi taku uku ya tuna.
Muka kalli juna.
Na ce, bar ta, ta riga ta jiƙe.

Lamela ya fito yana ɗingishi,
ya dungure masa ƙeya:
ja'iri, ta hagun ka nema ko?
Suka nufi Jekadafari cin balangu,
ɗaya na rage sauri saboda ɗaya.

Na shanya su a igiya guda,
ashirin namu, ta baƙo a ƙarshe tana ɗiga.
Ni ma wata huɗu nake bin su.
Gobe ƙarfe bakwai akwai atisaye,
sabulu kuma saura rabin sanda.