Layi Uku

Takarda ta iso daga Yamai ran Laraba,
ta wuni a aljihuna har gumi ya ci mata baki.
Layi uku suka bari fari:
"Rubuto mana waɗanda suka isa sa rigar ƙasa."
Layi uku! Ni ko yara goma sha huɗu gare ni,
da sanda biyu, guda mun ɗaure ta da roba,
da turakun da kafinta ya fiƙe mana daga reshen bedi.

A filin bayan lakwal ta Bagalam,
inda awaki ke ratsa wasa ba sallama,
nan muke kurket, abin da na kwaso a Zariya
tare da tari da bashin littafi.
Har gobe mutanen Maraɗi cewa suke,
"Mushe ya tsufa, yana wasan 'yar sanda."

Ma'azu na fara ɗorawa a sikeli.
Jifansa majaujawa ce ta tsinke,
wajen korar jan baki a gonar gero ya koye shi a Tibiri.
Amma jifa goma sha biyu, sai haki,
kamar kabu-kabu da mai ya ƙare mata a hawa.
Yamai ba ta jiran mai dafe gwiwa.

Tsahiru mai gadin rumbu ne.
Ya tsaya gaban turaku awa biyu, gudu tara,
masu kallo na hamma, ni ina murna a ciki.
Kaico, haƙuri ba ya fitowa a bidiyon salula.

Ilu ke da abin da suke so.
Bugu ɗaya, ƙwallo ta haye katanga
ta fasa randar Hajiya Gwamma,
jaka biyu na biya, da ban haƙuri na sati guda.
Sai dai Ilu ba ya duban abokin gudunsa.
Sau huɗu yana barin ɗan'uwa tsakiyar fili
kamar wanda mota ta tashi ta bari a tasha.

Saura Nomau.
Shi ke tsugunne bayan turaku, hannu ba safa,
'yar manuniya ta karkace tun bara, bai faɗa wa kowa ba.
Yana jin inda ƙwallo za ta
tun tana tafin mai jifa.
In da ni ne ƙasa, da shi zan fara kira.
Amma takarda na son rana da wata da shekara,
uwarsa ko ta ce, "Daminar da Gulbi ya shigo gari
ya tafi da tukwanena, ita ce."
Wane akwati zan zuba wannan?

Dare ya yi, wuta ta ɗauke kamar kullum.
Na kama cocila da haƙori, na buɗe bik.
Tsahiru, na rubuta, ko sun yi hamma.
Ilu, na rubuta, Allah ya shirye shi.
Ma'azu, yafe mani, baɗi ma rana ce,
ka riƙa gudu zuwa Madarunfa kafin asuba.
Layi na uku ya daɗe yana kallona.
Na sa Nomau.
Gurbin haihuwa na sa: shekarar ruwa.

Da safe na kai ambulan tashar kar,
sai ga shi can bisa tirela, kan buhunan aya,
ya samu aikin yaron mota, Kano za su.
Na kira, ƙugin inji ya haɗiye sunan.
Ƙwallo na aljihuna, tsohuwar, mai ɗinkin zare.
Na wurga ta da abin da ya rage mani na kafaɗa.

Hannu ɗaya ya miƙa, bai ko juyo sosai ba.
Tana shiga, na ji ƙarar daga nan.

Bai maido mani ita ba.