Malamin da Ba Ya Jira

Malamina yana can wata ƙasa,
ban san sunan garinsu ba.
Hannunsa kawai na sani, da agogon da ke hannun,
da farin allon da yake zana wayoyin sola a kai.
Turancinsa gudu yake kamar ɗan sahu ya hango 'yan Karota,
kafin in cafko kalma ɗaya ya sha kwana da goma.

In mayar da shi baya. Ya faɗa. In sake mayarwa.
Shi bai taɓa gajiya ba, data ce ke gajiya.
Ta dubu ɗaya da na saya ran Litinin
ko Laraba ba ta gani ba.
Ga kuma wutarmu ta Ɗorayi, sai biyun dare take leƙowa,
kamar baƙuwar da ta ɓata hanya, ta sha ruwa ta wuce.

Tasi'u ne ya nuna min, a shagonsa na Kabuga,
tsakanin injin fotokwafi da tulin takardun 'yan jami'a.
Ya ce, "Murja, taɓa nan.
Duk abin da ya fito daga bakin mutumin nan, na'ura ta riga ta rubuta."
Ya kwashe, ya zuba a fayil.
Firinta ta yi tari, ta tofo shafi arba'in da bakwai.
Ya karɓi kuɗin arba'in, ya ce bakwai ɗin gyara ne.

Na zo gida da malamina a cikin leda.

Sai dai an zubo shi ne ba aya ba waƙafi,
kamar tuwon da ba a malmala ba.
Na'urar ma kunnenta da sauƙi:
inda ya ce batir, ta rubuta man shanu,
inda ya ce kebul, ta ce tebur.
Har tarinsa ta sa, har "to, bari mu gani."
Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne
"sai ka haɗa wannan da wancan."
Wanne? Da wanne?
Takarda ba ta da yatsa.

Dare uku ina bin sa da jan biro da fitilar waya.
Na yanka masa gaɓoɓi, na ba shi wurin numfashi,
na zana a gefe abin da yatsan ya nuna,
na rubuta da Hausa inda Turanci ya yi min ƙashi.
Yanzu in na tsaya, ya tsaya.
In na tashi ɗora sanwa, ina dawowa in same shi
a layin da na bar shi, bai ci min ko sisi ba.

Yayana Nafi'u, tun sanƙarau ya tafi da jinsa yana ɗan tara,
batira yake sauke wa mutane a Titin Faransa.
Watanni yana tsayuwa a bayana in na kunna bidiyon,
na ɗauka kallo kawai yake.
Jiya na tarar da shi a zaure da takarduna,
leɓensa na motsi, yatsansa na bin layi.
A shafi na sha tara ya ɗago, ya girgiza kai,
ya karɓi birona, ya juya min wayoyi biyu da na zana a karkace.
Na kunna wurin don in ƙaryata shi.
Shi ne da gaskiya.

Ashe ina fama da bakin malamin,
shi ya haddace hannun.

Ran Asabar za mu hau rufin Hajiya Ladidi a Rijiyar Zaki,
faranti huɗu da inbata ɗaya.
Tsani na wurinsa.
Shafi na sha tara na jakata, a ninke huɗu,
da ɗigon manja a kusurwarsa.