Talata, Huɗu da Kwata

A hawa na uku, titin Wilson, birnin Lima,
inda yayyafi ke lasar gilashi ba ya zama ruwa,
shagona taku huɗu ne, kujerar baƙo ɗaya.
Nan Anacleto ya zauna, da ƙarnin teku a rigarsa,
ma'ajin masuntan Chorrillos.
Ya kwance kwamfutarsa daga cikin tawul
kamar mai miƙa jaririn da zazzaɓi ya kama.

"Zoila, huci take ko ba a taɓa ta ba.
Bashin mutum arba'in da ɗaya na ciki:
kuɗin koma, kuɗin mai, da wanda ya biya rabi.
In ta mutu, sai mu koma rantse-rantse."

Intanet na fara zare mata.
Na tashe ta tsirara, ba ado, ba 'yan rakiya.
Littafin bashin na kwashe gefe tukuna,
don garin gyaran gira an sha rasa ido.

Sai farauta.
Na bi jerin masu farkawa tare da ita,
kowa da sunansa, kowa da aikinsa,
har na iske wani ya ari sunan ɗan gida,
harafi ɗaya tak ya sauya.
Shi ke shan ƙarfinta dare da rana
yana haƙa wa wani kuɗi a ƙasar da ban sani ba.
Na kashe shi, ya tashi.
Na sake, ya leƙo ta wata kafa.
Sai da na tono uwar a ƙuryar da ba a sharewa,
da agogonta, tana haihuwa duk minti goma.
Na killace su, uwa da 'ya'ya.

Amma korar ɓarawo ba ta mayar da ƙyaure.
Ya bar fayilolin tushe a tattaune,
wani ba kai, wani ba ƙafa.
Na rubuta umarni layi guda a baƙin allo,
injin ya shiga gwada kowanne da asalinsa,
mai lafiya ya wuce, gurgu a musanya shi.
Kashi sittin da biyu, ya tsaya cak.
Anacleto ya sauka ya sayo soyayyar masara,
ya dawo. Sittin da biyu.
Mai jiran kifi ya fi ni haƙuri.
Sittin da uku.

Kafin ya cika na nemi ranar da cutar ta shigo,
don in ja masa kunne yadda na saba:
kar ka buɗe saƙon da ya ce ka ci kyauta,
sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wuri.
Talata, sha ɗaya ga Maris, huɗu da kwata.
Na jawo littafina.
Talata, sha ɗaya ga Maris: Anacleto,
haɗa na'urar buga takarda, an biya.
Filashin da na soka masa ranar
ga shi nan a wuyana, a jan zare,
shi nake kira jakar magani.

Ɗari cif. An gyara, in ji allo.
Fanka ta yi shiru.
Ni ma da na so sai in yi shiru, in karɓi kuɗina.
Na faɗa masa. Yawuna ya ƙafe, amma na faɗa.
Ya daɗe yana naɗe tawul.
"Ni ma na taɓa sayar da kifin jiya," in ji shi,
"sai dai ni ban koma na faɗa ba."
Ya bar mini sauran masarar a kan tebur.

Na ƙirga: mutum ashirin da bakwai tun daga Maris.
Akwai malamar firamare, akwai mai kantin magani,
akwai yaron nan da ke rubuta kundin digiri.
Can ƙasa an fara jan ƙofofin ƙarfe.
Na cire jan zaren daga wuya,
na ɗauki waya, na fara daga sunan farko.