Majigin Cindo

Ran da hadari ya watsa kasuwa da wuri,
Cindo ya share ɗakin taron manoma,
ya jingine buhunan taki a kusurwa,
ya kafa ƙusa huɗu a bango,
ya rataya yadi goma na alawayyo,
irin wanda muke aika yaro ya sayo
idan an yi rashi a unguwa.

Babba naira ɗari, yaro hamsin.
Hansai ba ta da ko sisi, ta ba da ƙwan zabo uku.
Ni da buzuna na zo,
da gwiwar nan da ba ta shiri da siminti.

Injin ya girme wa mai shi.
A kilo ya saye shi wajen 'yan gwangwan,
daga wata silima ta birni
da yanzu shinkafa ke kwana a cikinta.
Yara na cewa yatsan Cindo na shida
don zaren fim aka halitta shi.

Janareta ya yi tari sau biyu, ya kama.
Haske ya ratsa ta saman hulunanmu,
shinge na iyo a ciki,
sai ga jirgin ƙasa ya taso mana gadan-gadan,
jikan Talle ya faɗa bayan kakarsa.

Na san fim ɗin nan.
Shekara arba'in da 'yan kai, a filin makarantar Jahun,
ni da Barmo a kan keke ɗaya muka je,
shi yana tuƙi, ni ina riƙe da takalmanmu.
Ba ya jin ko kalma ta yaren mutanen,
amma shi ne tafinta.
Mai gashin baki ya buɗe baki,
Barmo ya ce, "Bashin gero yake tambaya."
Yarinya ta yi kuka a bakin rijiya,
ya ce, "Gugarta ce ta faɗa."
Muka yi ta dariya har mai gadi ya kore mu.

Yau ga mai gashin bakin, ko furfura ɗaya babu.
Ga yarinyar, tulunta bai fashe ba.
Duk sun riga mu gidan gaskiya, in ji Cindo,
amma ga su suna gudu a kan alawayyo.
Barmo kuwa da muka naɗe shi a nasa bara waccan
ko motsi bai yi ba.

Na matsa gefe a kan buzun.
Ban san na bar masa wuri ba
sai da wani yaro ya zauna a ciki.

"Baba, me yake cewa?"
Na ji bakina ya ce, "Bashin gero."

Saura kaɗan a kai ƙarshe,
jirgin ya tsaya a tasha, yarinyar tana waige-waige,
zaren ya tsinke.
Bango ya yi fari fat.
Cindo ya duƙa da tocila a baki, yana lallashin inji,
ruwa ya fara dukan kwano,
aka juyo gaba ɗaya ana kallona.

Na san mutumin bai sauko daga jirgin ba.
Na gani da idona, ina da ƙuruciya,
na ga Barmo yana goge ido da hannun riga
yana cewa hayaƙin fitila ne.

Na gyara murya.
Na ce, "Ya sauko.
Da jakarsa, da tsarabar goro.
Har ya biya geron."

Hansai ta ce, "Alhamdu lillahi, ƙwaina bai tafi a banza ba."
Cindo ya ɗago, ya dube ni ta saman tocila,
bai ce komai ba.

Da ruwa ya tsagaita na taya shi sauke yadin.
Shi ya kama baki biyu, ni biyu,
muka ninke shi a hankali,
yana da sauran ɗumi.