Guduma ta Uku

A Stuttgart, daren Asabar, aka kunna fitilu,
Marsandi mai ruwan azurfa ta hau dandali,
ƙofofinta biyu sun ɗaga sama
kamar shamuwa za ta tashi.

Wendelin na tsaye can baya, kusa da ƙofa.
Babu kujera da sunansa.
Shekara arba'in da ɗaya yana kwanciya ƙarƙashinta,
ya san tarinta na safiyar sanyi,
ya san notin da ke taurin kai a ƙafar hagu.
Irmtraud, mai ita, ta rasu bara,
jikoki suka ce gareji zai koma ɗakin haya.

"Miliyan huɗu!" Wata ta ɗaga kwali.
"Biyar!" Murya ce ta waya, babu fuska.
Shida. Shida da rabi.
Cikinsu ba wanda ya ce a tayar da ita ya ji.

Mai gwanjo ya yaba fata, ya yaba fenti,
ya ce tamkar ba a taɓa hawanta ba.
Wendelin ya yi murmushi:
shi ya ɗinke kujerar nan
ranar da karen gidan ya yage ta.

Guduma ta sauka. Jikoki suka rungume juna.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Samari masu farar safar hannu suka fita da ita,
turawa suka yi, kamar majinyaciya.

Ya laluba aljihu don kuɗin jirgin ƙasa,
sai ya ji ɗan makullin tanki.
Ya tsaya.
Ya koma ciki yana tambayar wa zai ba.