Ƙarƙashin Fenti

Shekara goma sha tara ina zanen allo
a rumfar kwano, bakin titin Tudun Wada.
Hannuna ya fi ni sanin aikin:
in sabulu ne, mace, da kumfa har gwiwar hannu;
in kayan miya ne, mace, da ludayi;
in banki ne, ko siminti, ko taya,
namiji, ƙirji a gaba, makulli a yatsa.
Ban taɓa tambaya ba. Wa ke tambayar buroshi?

Da sallar bara na shiga kasuwar Sabon Gari.
Mai kayan wasa bai bari na gama gaisuwa ba:
"Mace ko namiji?"
Na ce duka biyun.
Ya miƙo bindigar ruwa da jar mota,
ya miƙo 'yartsana mai gashin roba
da 'yar tukunya kamar murfin kwalba.

Juwairiya ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya.
Kwana uku, tukunyar ta zama taya.
Ta fere karan dawa, ta soke da tsinke,
ta yanka gwangwanin madara ta yi farfela,
don kullum da hantsi ƙananan jiragen makaranta
na keta saman gidanmu daga Palladan,
sai ta saki tsintsiya ta bi su da ido
har wuyanta ya ƙage.

'Yartsanar fa?
A bayan Nazifi na gan ta, goye da tawul,
yana jijjiga ta a lungun randa.
Muna haɗa ido ya yar da ita kamar garwashi.
Shekararsa biyar. Wa ya koya masa wannan kunyar?
Ni dai ban ce komai ba.
Ƙila shirun ne ya koya masa.

Rannan ta kawo mini abinci rumfa,
ta tarar ina sa wa wata jan baki.
"Baba, ita wannan ba ta gajiya da murmushi?
Kullum a tsugunne. Ba ta zuwa ko'ina?"
Na ce koma gida, rana ta yi.
Buroshin ya yi mini nauyi har la'asar.

Da Alhaji Tukur ya kawo aikin man gyaɗa
na zana namiji gaban murhu,
yaro a kafaɗa, yana juya miya,
can sama a kusurwa, ɗan jirgi da yarinya ciki.
Ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Malam Sidi, mai zan sayar ko abin magana?
Goge. Sa mini mace."

Na goge. Akwai haya, akwai kuɗin makaranta.
Na shafa fari, na dawo da ita da ludayinta.
Sai dai fentin na arha ne,
na kuwa san halinsa.

Allon na nan a Kwangila, dab da gada.
Ruwan Agusta ya kwana yana dukansa.
In kana jiran mota, ɗaga kai:
ƙasan haɓar matar gemu na ɓullowa,
a sama kuma fiffike ɗaya ya fito.

Juwairiya ta riga ni gani.
Ba ta dube ni ba.
Ta dai ja hannun ƙaninta
ta nuna masa.