Ruwan Farko a Rumfar Tsahara

Shekara uku ina tuƙa Malam Nam,
mutumin Koriya mai neman ruwa ƙarƙashin duwatsun Adar.
Ranar da hadari ya haɗo daga gabas
muka kasa wuce Tawa.
Muka fake a rumfar Tsahara, bayan tasha,
kwano na amo a kanmu kamar ana watsa tsakuwa.

Ya rufe ido, ya kasa kunne.
Ya ce da Hausarsa mai ɗingishi:
Mijinyawa, ka ji? Kukan mai ne a kasko.
A garinmu in sama ta zubo haka
ba mai zama da baki a bushe.
Ana soya waina mai faɗin faifai, cike da lawashi,
a kawo makkolli a tsohuwar buta duk ta lotse,
fari, mai kauri, ɗan shinkafa,
a sha a kwano, ana share leɓe da bayan hannu.

Tsahara ta ɗaga ludayi: Ashe hura ce!
Ya yi dariya har tabaronsa ya zame.
Hura ce, in ji shi,
amma wadda ta kwana da yawa har ta koyi rawa.

Na ce ni dai ban taɓa sha ba, kuma ba ni sha.
Ya ce ya sani. Labari kawai yake zuba mini,
shi ba ya bugarwa.

Akwai soju, in ji shi, garau kamar ruwan famfonmu na Bagga,
a koriyar kwalba, da ɗan kofi kamar na shayin Buzaye.
Ita nama take so, mai zafi daga garwashi,
a naɗe a ganye da tafarnuwa da kimci mai tsami.
Baƙon da ya sha ta da wofin ciki
zai ga titi ya zama biyu, ya bi wanda babu.
Shi ya sa ba ta fita ita kaɗai.
Abincin da ke mata rakiya sunansa anju.

Mu ma muna da sunan, na ce: mahaɗi.
Shayi bai cika ba sai da cuku,
tuwo ba miya gaya ne.
Ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta: ma-ha-ɗi.

In ka je can, ko ruwa za ka sha,
kada ka zuba wa kanka.
Ka tari kofi da hannu biyu.
In babba na wurin, ka kau da fuska kafin ka kurɓa.
Tsahara ta ce: To, suna da kunya ke nan.
Da safe kuma akwai romo mai yaji
na korar abin da dare ya bari a ka.

Sai ya yi shiru. Ruwa na bin bakin rumfa.
Ya ce wansa ne ke zuba masa, duk damina.
Bara aka bugo waya muna Abalak, rijiya ba ta kai ruwa ba,
bai samu zuwa ba.
Kwalba akwai a Yamai in ana so, in ji shi,
amma wa zai riƙe ta?

Tsahara ba ta ce uffan ba.
Ta aiki ƴarta cikin ruwan nan, ta dawo da damin lawashi,
ta kwaɓa fulawa da ƙwai biyu da ɗan gishiri,
ta zuba a kasko. Ya yi cuu,
muka kasa rabe kukansa da na sama.
Gefe ya ƙone, tsakiya ba ta gama nuna ba.
Ya cinye har ɓawon.

Na dama hura da nono a ƙwarya,
ya miƙo hannu zai ɗiba, na ce a'a, Malam.
Na cika ludayi na ba shi.
Ya karɓa da hannu biyu,
ya juya fuska wajen katanga,
ko da yake ya girme ni da shekara goma sha.
Ya daɗe bai juyo ba.